Yadda Ake Shirya wa Matasa Wasan Bidiyo na Motsa Jiki Don Kaifafa Tunani

Iyaye da yawa in suka ji an ce wasan bidiyo, abin da ke faɗo musu a rai shi ne yaro zaune a gidan gem, wuya a karye, yatsu kaɗai ke aiki. To akwai wani iri na daban wanda ba ya buguwa sai an miƙe tsaye: a yi tsalle, a kauce, a kai naushi, a taka inda kibiya ta nuna. Shi na daɗe ina shirya wa ɗalibai 'yan shekara 10 zuwa 17 kafin darasin yamma, kuma shi zan bayyana wa malami, ko mai cibiyar koyarwa, ko uba da uwa da ke son farawa. Abin da za ka riƙe tun yanzu shi ne, amfanin wasan ga tunani yana fitowa ne in jiki ya ɗau zafi kuma kai yana aiki a lokaci guda, na ɗan gajeren lokaci, a kai a kai.

Kayan da za ka tanada

Na'urar wasa ce babba, kuma ba sai sabuwa ba. Nintendo Wii, wadda ta fito a 2006, ita ce mafi sauƙin samu ta hannu. Ana riƙe rimot ne a hannu ana kaɗa shi, kuma faifan Wii Sports na da tanis, dambe, bolin, golf da besbol. Ba ta cin wuta, ba ta wuce wat 20 ba, don haka ƙaramar sola ma za ta ɗauke ta tare da talabijin.

Wadda na fi so ita ce Xbox 360 da kyamararta mai suna Kinect, da ta fito a 2010. Ita ba a riƙe komai, kyamara ce ke bin jikin yaro tun daga kai har ƙafa, shi ya sa ba a iya yi mata wayo a zauna ana bugawa. Microsoft ta daina ƙera Kinect tun 2017, saboda haka ta hannu kawai za ka samu. Kada ka biya kuɗi sai an kunna ta a gabanka, ka tsaya ta gane ka, ka ga tana ɗaga kai tana saukewa da kanta. In Xbox ɗin tsohon samfuri ne mai kauri, Kinect na buƙatar wayar wutarta daban. Siririn samfuri yana da kafarta a baya.

Mai hali zai iya sayen Nintendo Switch da Ring Fit Adventure na 2019, mai zobe da ake matsawa da ɗamarar da ake ɗaura wa cinya. Yana sa gumi sosai, sai dai mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka ya fi dacewa da gida, ba aji ba. Akwai kuma tabarmar takawa mai kibiyoyi huɗu, irin ta Dance Dance Revolution da kamfanin Konami ya fitar a 1998. Ana samun mai kafar USB, a jona da kwamfuta, a sa mata manhajar StepMania wadda kyauta ce. Irin wannan wasa ne jihar West Virginia ta Amurka ta sanar a 2006 cewa za ta shigar da shi makarantun gwamnatinta.

Sai talabijin mai faɗin inci 32 ko fiye. Wii ba ta da kafar HDMI, wayarta mai kai uku ce, rawaya da fari da ja. In talabijin ɗinka ba ta da waɗannan kafofi, akwai ƙaramar adafta da ke mayar da ita HDMI.

A nan ne mutane suka fi yin asara: na'urar da aka shigo da ita daga Amurka wutar bolt 120 take amfani da ita, tamu kuwa 230 ce. Kana jona adaftar Wii ko ta Xbox 360 ta Amurka kai tsaye za ta ƙone. Juya adaftar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin komai. In 120 ce, nemi taransfoma mai rage wuta, ko ka sayi adaftar Turai. Haka kuma faifan Wii na Turai ba ya aiki a na'urar Amurka, saboda haka ka gwada faifai a shagon. In janareto za ka yi amfani da shi, ka sa sitabilaiza a tsakani.

Ƙananan kaya: batiran AA masu caji don rimot, igiyar rimot ta wuyan hannu, salatif na takarda ko alli, fanka, ruwan sha mai yawa, agogon waya don ƙidayar sakan, littafi guda na rubuta sakamako, fararen takardu, da maka huɗu: ja, kore, shuɗi da baƙi.

Mataki na 1: Nemi yardar iyaye, ka tambayi lafiyar kowane yaro

Kada ka fara sai ka zauna da iyaye, ko ka aika musu da takarda su sa hannu. Ka kira biyu ko uku su zo su ga wasan da idonsu, wannan ya fi dogon bayani. In akwai waɗanda ba sa son kiɗa da rawa, babu buƙatar jayayya, wasannin ƙwallo da tsalle da kauce-kauce sun isa. Matasa mata sun fi sakin jiki in zamansu daban ne kuma malama ce ke kula da su, an rufe taga daga masu leƙe.

Ka tambayi abu huɗu a kan kowane yaro: sikila, asma, farfaɗiya, da ciwon zuciya. Mai sikila ƙishirwa da gajiya mai tsanani na iya tayar masa da ciwo, don haka sai da izinin likitansa, ya yi a hankali, ya sha ruwa kafin da bayan wasa. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, musamman lokacin hunturu da ƙura ta cika gari. Mai farfaɗiya kuwa, walƙiyar haske a talabijin na iya tayar wa wasu, kada ya shiga sai likita ya ce ya shiga. Wanda yake zazzaɓi ranar ya zauna ya huta.

Mataki na 2: Shirya ɗaki

Ka kwashe benci da tebura. Kinect na son tazarar kusan mita 2 tsakaninta da ɗan wasa ɗaya, mita biyu da rabi in su biyu ne. Ka ɗora ta a bakin tebur, tsakiyar talabijin, kada wani abu ya tare gabanta. Ka yi layi da salatif a inda mai wasa zai tsaya, ka yi wani layin a baya wanda masu jira ba za su ƙetare ba, domin in wani ya gitta kyamara za ta rikice ta bi shi.

Hasken rana kai tsaye yana dagula Kinect da rimot ɗin Wii duka, domin da wani haske da ido ba ya gani suke aiki, kuma rana na da irinsa da yawa. In ka ga hannun da ke talabijin yana rawa yana ɓacewa, duba taga tukuna kafin ka zargi na'ura. Labule yana magance matsalar.

Ka duba sama. Fankar silin da ta sauko ƙasa haɗari ce ga dogon yaro mai tsalle yana ɗaga hannu, gara fankar ƙasa a ajiye ta gefe. Ka duba ƙasa: tayil da safa santsi ne, tabarmar roba kuma tana zamewa. A yi ƙafa ba takalmi a kan kafet mai kama ƙasa, ko da kambas a kan siminti. Ba a yi da silifa. Babbar riga da dogon hijabi suna ɓoye wa Kinect gwiwa da gwiwar hannu, riga da wando masu yalwa da ɗankwali ko gajeren hijabi sun fi.

Duk mai riƙe rimot ɗin Wii sai ya zura igiya a wuyan hannu ya matse. Hannu in ya yi gumi rimot na kufcewa ya fasa talabijin, har sai da Nintendo ta sauya wa mutane miliyoyin igiyoyi da masu kauri a ƙarshen 2006.

Mataki na 3: Yi gwajin farko kafin kowa ya taɓa wasa

Yawancin masu farawa suna tsallake wannan, daga baya kuma ba su da abin da za su nuna sai "ai muna ganin canji". Gwaji uku ne, kowane yaro ba zai ci fiye da minti goma ba. A yi su a wuri shiru, yaro ɗaya bayan ɗaya, a lokaci iri ɗaya na yini.

Na farko gwajin launi ne, wanda John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. Ka rubuta kalmomi 40 a takarda, ja, kore, shuɗi, baƙi, a cakuɗe, amma kowace da makar da ba tata ba. Wato kalmar "ja" da koren tawada, kalmar "baƙi" da jan tawada. Aikin yaro shi ne ya faɗi launin tawadar, ba kalmar ba. Za ka ga bakinsa ya buɗe zai ce "ja", ya dakata, ya haɗiye, sannan ya ce "kore". Wannan ɗan dakatawar ita muke aunawa. Ka rubuta sakan nawa ya ɗauka da kuskure nawa ya yi. Kafin nan ka nuna masa launukan huɗu zalla ya faɗi sunansu, domin akwai masu wahalar bambance ja da kore, galibi maza. Wanda bai iya karatu sosai ba kuma wannan gwaji ba ya nuna komai a kansa, tunda kalmar ba ta jan hankalinsa.

Na biyu: ka faɗi lambobi a hankali, ɗaya a kowane sakan, shi kuma ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Ka ce 4, 9, 2, ya ce 2, 9, 4. Ka fara da uku, kana ƙara ɗaya, har ya faɗi sau biyu a jere a tsawo ɗaya. Ka rubuta mafi tsawon da ya iya.

Na uku: ka warwatsa da'irori a takarda, wasu da lambobi 1 zuwa 8, wasu da baƙaƙe A zuwa H. Ya haɗa su da biro ba tare da ɗaga hannu ba, yana sauyawa: 1, A, 2, B, 3, C, har ƙarshe. Ka ɗauki lokaci.

Ka shirya kwafi biyu mabambanta na kowane gwaji tun yanzu, ɗaya na farko ɗaya na ƙarshe. Kada ka karanta sakamakon kowa a gaban 'yan uwansa.

Mataki na 4: Zaɓi wasan da ke sa gumi kuma yake sa tunani

Ga ɗan bayanin da kake buƙata. Abin da wasan ke taɓawa ba ilimin lissafi ko Turanci ba ne kai tsaye. Wasu ƙwarewa uku ne da ke ƙarƙashin kowane karatu: kame kai daga amsar da ta fara zuwa baki, riƙe abu a ka ana aiki da shi, da saurin sauya dabara in ƙa'ida ta canza. Su ne gwaje-gwajen nan uku ke aunawa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ne ya fi ɗaukar nauyinsu, kuma shi ne ke jinkirin nuna, yana ci gaba da girma har mutum ya haura shekara ashirin. Shi ya sa shekarun samartaka lokaci ne mai kyau na wannan atisaye.

A 2012 wani mai bincike, John Best, ya gwada yara 'yan shekara 6 zuwa 10, ya ga sun fi saurin warware gwajin kame hankali bayan wasan bidiyo na motsi fiye da bayan abin da aka yi a zaune. A 2016 kuma Valentin Benzing da Mirko Schmidt da abokan aikinsu a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun gwada samari 'yan shekara 13 zuwa 16, suka ga waɗanda wasansu ya haɗa motsi da tunani sun fi saurin sauya dabara fiye da waɗanda suka yi motsi kawai. Ni a aikace na ɗauki duka biyun: gumi dole ne, tunani kuma a ɗora shi a kai.

Ga yadda nake tantance wasa. Ka buga shi da kanka minti biyar, ka tambayi kanka abu uku. Numfashina ya ƙaru? Akwai lokacin da dole in fasa motsin da na riga na fara? Abin da ke zuwa yana canzawa yadda ba zan haddace shi ba? In amsa biyu cikin uku "a'a" ce, ajiye shi.

A faifan Kinect Adventures akwai wasan da ake tsayawa a kan keken dogo, shingaye na tahowa: wani a tsallake, wani a durƙusa, wani a kauce hagu ko dama, ana kuma miƙa hannu ana tara lambobin yabo. Wannan ya cika sharuɗɗan uku. Akwai wani da ake cikin akwatin gilashi a ƙarƙashin ruwa, kifaye na fasa shi, kai kuma kana toshe ɓaraka da hannu da ƙafa da kai, wani lokaci huɗu a tare. Bai kai na farko gumi ba, amma yana sa rarraba hankali sosai. A Wii Sports, dambe ne ya fi sa haki, tanis na bi masa. Bolin da golf nishaɗi ne kawai, a bar su don hucewa. Tabarmar kibiyoyi kuwa ta fi kowa horar da ido ya karanta abin da ke tafe yayin da ƙafa ke taka na yanzu.

Wasan tabarau mai rufe ido gaba ɗaya ba na ba da shawararsa ga aji. Yana da tsada, yana sa wasu jiri, kuma yaro ba ya ganin bango ko ɗan uwansa.

Mataki na 5: Tsara zaman

Sau uku a mako, rabin awa kowane zama, na tsawon mako takwas. Irin wannan tsari masu binciken Bern suka bi a aikinsu na 2019 da yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu matsalar rashin natsuwa da ake kira ADHD, kuma sun ga saurin amsa ya ƙaru a gwajin kame kai da na sauya dabara. Ka raba ranakun, misali Litinin, Laraba da Asabar, kada a tara su wuri ɗaya.

Minti biyar na farko a ɗumama jiki: tafiya a wuri ɗaya, juya kafaɗa, durƙuso a hankali. Minti ashirin na tsakiya shi ne wasan. Minti biyar na ƙarshe a huce da wasa mai sauƙi ko miƙe gaɓoɓi, a sha ruwa.

Matsalar da za ka fara cin karo da ita ita ce na'ura ɗaya, yara da yawa. In ka bar biyu na wasa, takwas na zaune suna ihu, kowa bai samu fiye da minti huɗu ba, aikin ya tashi a banza. Kada rukuni ya wuce shida. Biyu a layin gaba, huɗu a layin baya suna kwaikwayon duk abin da talabijin ta nuna, tsalle da durƙuso da komai, duk da ba a ƙidaya musu maki. Duk minti uku a juya, na baya su dawo gaba. Ka rubuta jerin sunaye a allo tun kafin a fara, don kada masu ƙarfi su danne ƙanana.

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a yi da safe ko bayan La'asar sosai, fanka na aiki. A watan azumi ni dakatarwa nake yi gaba ɗaya, in kuma a gida ne a yi bayan buɗa-baki da awa biyu, a rage tsawonsa. Kada zaman ya ci lokacin salla ko na Islamiyya, ranar da ya ci, ranar za ka rasa goyon bayan iyaye. Kada kuma a yi shi dab da barci.

Mataki na 6: Duba ko jiki ya ɗau zafin da ake so

Hanya mafi sauƙi ita ce magana. A tsakiyar wasa ka ce, "Kai, me ka ci da rana?" In ya amsa da jimla guda yana ɗan haki, daidai ne. In zai iya rera waƙa ko dogon labari, wasan ya yi sanyi. In kalma ɗaya ma ta gagare shi, ya yi yawa, ya koma tafiya a wuri ɗaya.

In kana son lamba, koya musu taɓa jijiyar wuyan hannu da yatsu biyu, ba da babban yatsa ba. Da an tsaya a ƙirga bugun zuciya na sakan 15, a ninka sau huɗu. Ƙiyasin da aka saba shi ne a cire shekaru daga 220, sannan a nemi kashi 64 zuwa 76 cikin ɗari na abin da ya rage. Ga ɗan shekara 14 wannan ya kama kusan 130 zuwa 155 a minti, wato bugu 33 zuwa 39 a sakan 15. Ƙiyasi ne, kada ka riƙe shi kamar doka, fuskar yaro da numfashinsa sun fi gaya maka gaskiya.

Ka sa ido a kan masu wayo. Cikin mako guda yara za su gano cewa rimot ɗin Wii na amsa ɗan kaɗa wuyan hannu kamar yadda yake amsa cikakken bugu. Sai ka ga yaro ya jingina da bango, hannu ɗaya a aljihu, yana cinye kowa a tanis. Dokata ita ce ƙafa ba ta tsayawa, kuma makin da aka ci a jingine ba a rubuta shi.

Jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, ko numfashi mai ƙara: a tsaya nan take, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a sanar da iyaye.

Mataki na 7: Ɗora karatu a bayan wasa kai tsaye

Kaifin hankalin da zama ɗaya ke kawowa ba ya daɗewa, abin ɗan lokaci ne bayan an gama. Saboda haka kada ka sallame su gida, kuma kada ka bar su su ɗauko waya. Bayan sun sha ruwa, numfashi ya dawo, minti biyar zuwa goma, a zauna a kan aikin da ya fi buƙatar natsuwa: lissafi mai matakai, karatun fahimta, ko hadda. Ka sa mai wahala a farko, kwafar rubutu daga allo ta jira ƙarshe. Su kashe talabijin da hannunsu kafin su zauna, in ta ci gaba da haske a gefe idanu na can.

Mataki na 8: Ƙara wahala duk mako biyu

Ƙarfe da zafi ake dukansa, wasan da yaro ya haddace kuwa ya riga ya huce. Ranar da ka ga yana bugawa yana hira da na bayansa bai kuskure ba, kansa ya daina aiki, jiki ne kawai ke maimaitawa. Ka hau mataki na gaba, ko ka canza wasa, ko ka ƙara masa doka daga bakinka.

Ga waɗanda nake ƙarawa. Mai wasa ya riƙa ƙirga baya da uku-uku daga 60 yana cikin tsalle. A yi tanis da hannun da ba a saba da shi ba. Masu layin baya su yi kishiyar abin da talabijin ta nuna, in ta ce hagu su yi dama. In na tafa sau ɗaya kowa ya daskare har sai na tafa sau biyu. Kada ka zuba su duka rana ɗaya. Ma'aunin shi ne yaro ya riƙa cin kusan bakwai cikin goma. In yana cin komai ya yi sauƙi, in yana faɗuwa a komai zai yi zuciya ya daina zuwa.

Gasa na ƙara himma, amma ka haɗa tsara da tsara. Yaro mai jiki ko mai kunya da aka sha cinyewa a gaban jama'a ba zai dawo ba, alhali shi ya fi kowa buƙatar zaman. Irinsa ka sa ya yi gasa da makinsa na makon jiya.

Mataki na 9: In babu na'ura, ko wuta ta ɗauke

Mai waya da intanet zai iya amfani da Just Dance Now na kamfanin Ubisoft: a buɗe shafin a kwamfuta ko talabijin, a riƙe waya a hannun dama a madadin rimot. Yana cin data, kuma sai ka tace waƙoƙi da shigar masu rawa kafin yara su gani.

In wuta ta ɗauke a tsakiyar zama kada a watse. Ka zana kibiyoyi huɗu da alli a gaban kowane yaro, gaba, baya, hagu, dama. Ka yanka kwali takwas, huɗu da baƙar kibiya, huɗu da ja. Ka tsaya a gaba kana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya da sauri. Baƙar kibiya, a taka inda ta nuna. Ja, a taka kishiyarta. Bayan minti biyu ka juya dokar ba zato. Daga baya ka ɗaga kwali uku a jere ka sauke, su taka daga ƙarshe zuwa farko. Ba bidiyo ba ne, amma ƙwarewar uku duk suna ciki, kuma yana ɗaukar yara ashirin a lokaci guda. Makarantar da ba ta da kuɗin na'ura za ta iya yin mako takwas ɗin da wannan kaɗai.

Mataki na 10: Maimaita gwaji, ka karanta sakamakon da gaskiya

Bayan mako takwas ka yi gwajin da kwafi na biyu, a lokacin yini irin na farko, a ranar da ba a yi wasa ba. In ka yi shi bayan wasa kai tsaye, kaifin ɗan lokaci za ka auna, ba na dindindin ba.

Kusan kowa zai fi na farko sauri, kuma wani ɓangare na wannan saboda ya taɓa ganin irin gwajin ne. Don ka raba wannan da amfanin wasan, tun farko ka yi wa rukuni biyu gwaji, ɗaya ya fara wasa, ɗaya ya jira nasa zagayen. A ƙarshe ka gwada su duka. Bambancin da ke tsakanin ci gaban rukunin biyu shi ne abin da za ka iya jingina wa wasan. Ka duba kuskure tare da lokaci, domin yaron da ya ƙara sauri amma kuskurensa ya ninka gaggawa ya koya, sai ka ƙara masa wasannin daskarewa da na kishiya. Ka duba littafin halarta kuma, wanda ya zo rabin zama kada ka haɗa sakamakonsa da na sauran.

Abin da za ka gani galibi matsakaici ne: 'yan sakan a gwajin launi da na da'irori, gwajin lambobi kuma sau da yawa ba ya motsi sosai. Haka za ka faɗa wa iyaye. Kada ka yi musu alkawarin cin WAEC ko JAMB, kada kuma ka ce wa iyayen yaro mai ADHD su ajiye maganin likita. Ka kuma tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na kusan minti 60 a kowace rana, don haka rabin awa sau uku a mako wani yanki ne kawai, ƙwallo da keke da langa na nan a matsayinsu.

Daga nan rukunin da ya jira ya fara nasa mako takwas, na farko kuma ka rage musu zuwa sau biyu a mako da sabon wasa. Kafin sabon zagaye ka goge idon kyamara da tsumma mai laushi, ka hure ƙurar da ta taru a kafofin iskar na'ura, ka cire batir daga rimot in za a yi dogon hutu don kada ya zubar da ruwa a ciki.